Magana Jari Ce a ajin CM1 da CM2: rajistar aikin malamai a Tawa

11 ga Oktoba 2025

An buɗe wannan rajista don aikin da malamai shida daga makarantun firamare uku na garin Tawa a Nijar suka ɗaukar wa kansu: a sake karanta littattafan Magana Jari Ce guda uku daga bango zuwa bango, a tsamo abin da zai yi amfani a ajin CM1 da CM2, wato azuzuwa biyu na ƙarshe a firamare, a gwada shi a gaban yara, sannan a rubuta abin da ya yiwu da abin da ya ƙi.

Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, shi ya rubuta su a Zariya lokacin da yake aiki tare da Rupert East a Hukumar Talifi, suka fito tsakanin 1937 da 1939. Tun asali don karatun ƴan makaranta aka yi su, saboda haka mayar da su aji ba baƙon abu ba ne. Sai dai yaron da aka rubuta wa su a wancan zamani da yaron Adar (yankin da Tawa take) na yau, wanda ya fara sanin baƙaƙen boko ta hanyar Faransanci, ba kunnensu ɗaya ba, ba idonsu ɗaya ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar da malamai ke yi ita ce: me za a ba yaro ya karanta? Wannan aiki ƙoƙari ne na amsa ta da abin da ke hannu.

Ƙa'ida ta farko da aka amince da ita: ba wanda zai kawo labari don ya tuna daɗinsa tun yana yaro. Sai ya sake karanta shi a wannan wata, da fensir a hannu.

Abin da aka tara: littafi na ɗaya kwafi 14, na biyu 9, na uku 5. Yawancinsu daga Sakkwato suka zo ta Illela da Ƙonni, wasu kuma aro ne daga gidaje. Bugu ba ɗaya ba ne, don haka a duk takardun shiri da sunan labari za a riƙa kira, ba da lambar shafi ba.

25 ga Oktoba

An gama karatun littafi na ɗaya. Abu biyu suka fito fili, kuma duka biyun sun saɓa wa abin da manya ke tunawa.

Na farko, littafin ya fi yadda ake zato wuya. Jimlolinsa suna da tsawo, maganar mutane tana shiga cikin bayani ba tare da dogon numfashi ba, ga kalmomin fada da na yaƙi: waziri, jakadiya, dogari, barde, zagi, sulke, lifidi, kwalkwali. Wanda ya karanta shi yana ɗan shekara 12 ya tsallake waɗannan ne bai sani ba, labarin ya ja shi ya wuce. A aji tsallaken ba ya yiwuwa, domin yaron da ke haɗa baƙi da ƙyar yana cin karo da kalma ɗaya sai ya tsaya cak.

Na biyu, labaran ba a warwatse suke ba. Akwai uwar labari da ta ɗauke su: Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri yana ƙulla yadda zai fitar da yaron ya hallaka shi, aku kuma yana riƙe shi da labari dare bayan dare. Kowane labari yana da aikin da yake yi a wannan tsari, wato ya cinye dare kafin Musa ya taka ƙofa. A littafi na biyu gasar ba da labari ce tsakanin akun da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma akun ne yake koyar da ɗansa Fasih.

An ware labarai kashi uku da alamar fensir a jerin sunayensu: waɗanda za a ba yara su karanta da kansu, waɗanda malami ne zai karanta musu, da waɗanda za a ajiye tukuna.

8 ga Nuwamba

Gyaran littattafai. Kwafi 11 bayansu ya saki. An huda kowane da basilla wuri uku, santimita ɗaya daga gefen ɗauri, aka ɗinke da zaren lilo ninki biyu, aka manna ƙyalle mai faɗin santimita 6 a gadon bayan da farin gam, aka danne da bulo kwana ɗaya. Bango an yi shi da kwalin sabulu, aka lulluɓe da leda mai kauri. Kada a sa salatif a kan shafin da ya yage: da zafi ya taso sai gam ɗinsa ya narke, ya bar tabo, ya kama shafin da ke kusa. Siririyar farar takarda da ɗan gam kaɗan ta fi.

Ajiya a adakar ƙarfe, an ɗora ta a kan bulo huɗu saboda gara. Makarantar da ajinta na zana ne ba a barin adakar a ciki, ofishin darakta ake kai ta kullum bayan an tashi.

19 ga Nuwamba

Gwaji na farko a CM2, yara 58, kwafi 14. An raba su rukuni na mutum huɗu ko biyar a kewaye da littafi ɗaya. Bai yi ba. Biyu ne kawai ke ganin rubutun a miƙe, sauran suna kallonsa a karkace ko a juye, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ke riƙe littafin har a tashi. Daga yanzu mutum uku ne a benci ɗaya, littafi a gaban na tsakiya, a riƙa sauya na tsakiyan bayan kowane sakin layi. Wannan ya ɗauki yara 42. Sauran 16 suna aiki da sakin layin da aka rubuta a babban allo tun kafin a shiga, kuma ana juya su kowane zama don kada wasu su dawwama a allo.

Babbar matsalar da ta bayyana ita ce ta baƙaƙe. Yaran suna jin Hausa sarai, amma idonsu na Faransanci ne. Harafin c suna karanta shi k ko s, sai "ciki" ya koma "siki". Harafin u suna tsuke masa baki. S a tsakanin wasula biyu tana zama z, sai "kasa" ta koma "kaza", aji ya fashe da dariya. Gaɓoɓin "an" da "in" suna fita ta hanci. A rubutu kuma sai ga ou a wurin u, ch a wurin sh, tch a wurin c, dj a wurin j. Wannan ba rashin ƙoƙari ba ne, ƙa'idar da aka koya musu shekara biyar suke bi da gaskiya.

Maganin da aka tsara: minti biyar a farkon kowane zama na mako uku, baƙi biyu kacal a rana. A rubuta kalma biyar da yaro ya sani a bakinsa, ya faɗe su, sannan a nuna masa yadda aka rubuta. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, da tagwayen kalmomi ake koyar da su: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bata da ɓata. Yaro ya sa kowace a jimla, ya ji da kunnensa cewa lanƙwasar ce ta raba ma'ana. A lura kuma: littafin bugun Najeriya ne, yana rubuta 'y da ɗan waƙafi a sama, ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 kuwa ƴ take amfani da shi. A faɗa wa yara sau ɗaya cewa sauti ɗaya ne, su kuma su rubuta ƴ a kayensu, wato littafin rubutunsu. Haka ma "ya ke" da "ya kan" da tsofaffin bugu ke rabawa, ba abin tsayawa a kai ba ne.

6 ga Disamba

An yi kuskure a zama uku na farko, gara a rubuta shi. Don a rage lokaci an cire uwar labarin, aka shiga labaran kai tsaye. Yara sun saurara, sun yi dariya, amma da aka dawo bayan kwana biyu ba wanda ya tambayi abin da zai biyo baya. Da aka mayar da aku da Musa da waziri, aka zana su a kwali da kibiyoyi masu nuna wa ke son wa da wa ke farautar wa, tambayar farko da ta fito daga bencin baya ita ce: "Mushe, to yau Musa zai fita?" (Mushe shi ne yadda suke kiran malami, daga Faransanci.) Wannan tambayar ita ce igiyar da ke jawo yaro daga zama zuwa zama, kuma marubucin ne ya ƙulla ta. Ba a sake cire ta.

Tsarin zama da aka tsaya a kai, minti 45:

Minti 5, yaro ɗaya ya tuna wa aji inda aka tsaya, da bakinsa, ba littafi. Minti 10, malami ya karanta da murya, littattafai a rufe, kalma 250 zuwa 300, ya tsaya daidai inda abu ke shirin faruwa. Minti 3, yara su yi hasashen abin da zai biyo, a rubuta hasashe uku a allo ba tare da an ce wannan daidai ne ko kuskure ba. Minti 15, a buɗe littafi, su sake karanta abin da suka ji, su ci gaba da kansu har su gano amsa. Minti 12 na ƙarshe, rubutu a kaye.

Jerin nan yana da dalili. Yaron da ya riga ya ji sakin layi da kunne, in ya zo karanta shi ba ya fama da ma'ana da baƙi a lokaci ɗaya, baƙin kaɗai ya rage masa. Kuma sashen da bai ji ba yana shigarsa ne da yunwar sanin ko hasashensa ya faɗa daidai. Inda malami ya karanta labarin duka har ƙarshe, minti 15 ɗin nan sukan mutu, domin ba sauran abin nema.

Kalmomi masu wuya kada su wuce biyar a zama, kuma kafin karatu ake bayaninsu, da zane in zai yiwu. Lifidi da sulke zane ya fi dogon bayani.

20 ga Disamba

Batun karin harshe ya ci zama guda na malamai, kuma ya cancanci haka. Littafin da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, yaran kuwa Adaranci suke yi. Inda littafi ya ce "suka tafi", yaro zai ce "sunka tahi". "Yana" a bakinsa "shina" ne, "fara" kuma "hwara", "biyar" ta zama "biyat". Sunan littafin ma in da a bakinsa aka ɗauko shi, "magana jari ta" zai ce. Wasu malamai sun fara gyara wa yara wannan a lokacin da suke maimaita labari da baki, sai aka ga masu ɗaga hannu suna raguwa. Dole su ragu: yaron da aka ce masa maganar uwarsa kuskure ce, shiru zai yi.

Abin da aka yanke: a lokacin karatu, a karanta abin da ke rubuce yadda yake. A lokacin ba da labari da baki, kowa ya yi da harshen gidansu, ba gyara. A lokacin rubutu, a bi daidaitacciyar ƙa'ida, amma a ja layi biyu a bayan kaye, "yadda muke faɗa" da "yadda ake rubutawa", yaro ya riƙa tara nasa da kansa. Cikin mako biyu wasu sun gano da kansu cewa duk inda suke da "munka, kunka, sunka" littafi yana da "muka, kuka, suka". Nahawu ke nan, kuma ba a rubuta wata ƙa'ida a allo ba.

Yaran da Tamajaq ko Fulfulde ne harshen gidansu a zaunar da su a tsakiyar benci sau da yawa, kusa da rubutu, kuma a fara ba su gajerun maganganun mutanen cikin labari kafin dogon bayani.

10 ga Janairu 2026

An dawo hutu. Hazo da sanyin safe sun sa an mayar da zaman zuwa bayan shan iska na safe, don muryar malami ba ta kai bencin baya in ana tari. Kwafi biyu na littafi na biyu ba su dawo daga aro ba. Aron gida an tsayar da shi sai an sami ƙari.

24 ga Janairu

Labarin Kalala da Kalalatu shi ne ya fi kowane ba da aiki zuwa yanzu. Matar ta cinye kajin da aka soya don baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta ke wasawa, ta kuma ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji, sai ga miji yana bin baƙo da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya. Yara da yawa sun yi dariyar gudun, amma da aka tambaye su me ya sa baƙon ya ƙara wuta da ya ji roƙon, sai aka ga rabin aji ba su kama ba. Sun ji abin da ya faru, ba su riƙe abin da ke cikin kan kowane mutum ba.

An raba allo gida uku: abin da Kalala ya sani, abin da baƙo ya sani, abin da Kalalatu ta sani. Kowane benci ya kawo jimla ɗaya, ya nuna layin da ya samo ta a littafi. Da gidajen suka cika, yaran da kansu suka ga cewa magana ɗaya ce ta fita daga bakin mijin, amma abu biyu take nufi. Dariya ta biyu ta fi ta farko, don ta fahimta ce. Wannan allo mai gida uku ya shiga tsarin dindindin, ga duk labarin da wani ya yaudari wani, kuma irinsu suna da yawa a littattafan.

Abin da aka hana: rufe zama da "wane darasi muka koya?" In aka yi wannan tambaya amsa ɗaya ake samu, "ƙarya ba ta da kyau", kuma yaron da bai buɗe littafi ba ma zai iya ba da ita. Tambayar da ke tilasta komawa ga rubutu ita ce mai amfani: wa ya fara sani, a wane layi, me ya sa bai faɗa ba.

An yi wasan kwaikwayonsa a minti 8 da yara uku. Wuƙa ta kwali ce, ba a yarda da ta gaske ko ta icce mai tsini ba.

7 ga Fabrairu

Labaran da aka ajiye. Littattafan ƴaƴan zamaninsu ne: akwai bayi da kuyangi a matsayin abin yau da kullum, akwai inda ake tsokanar wata ƙabila ko mai wata naƙasa, akwai inda makircin mata ne gishirin labarin, akwai hukuncin kisa da ake yankewa cikin layi ɗaya. Babba yana karantawa ya wuce. A ajin da Bahaushe da Ba'abzine da Bafillace ke benci ɗaya, kalma ɗaya tana iya zama sunan tsokana a filin wasa har ƙarshen shekara, kuma a wannan yanki maganar bauta ba tsohon zance ba ce, sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da ita laifin da ake hukuntawa.

Ba a goge komai a littafi ba, ba a kuma sauya kalmar marubuci a ɓoye ba. Labarin da tsokanar ita ce ƙashin bayansa an bar shi sai kwaleji. Wanda kalma ɗaya ko biyu ce kawai, malami ne ke karanta shi, ya tsaya a wurin, ya faɗa wa yara a fili cewa an rubuta wannan kusan shekara 90 da suka wuce, kuma ba a kiran kowa da wannan suna a wannan aji. Minti biyu sun isa, in an yi su da fuskar gaske.

Kuɗin cikin labarai kuma sun ba da darasin lissafi da ba a shirya ba. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Yaran da suka saba da dala da jikka, suna mayar da dala 200 jikka ɗaya a ka, ba su sha wuyar gane tsarin ba. An ba su tambaya uku na mayar da fam zuwa kwabo a lokacin lissafi.

28 ga Fabrairu

Azumi ya kama, an rage zaman zuwa minti 30, an cire karatun rukuni, an bar sauraro da rubutu.

An yi amfani da wannan sassauci aka shiga aikin da aka daɗe ana jira. Imam bai ƙirƙiri yawancin labaran daga babu ba. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da hikayoyin Indiya inda aku mai ba da labari ya samo asali, ya sa musu riga da rawani har ba mai cewa baƙi ne. Labarin Sarkin Busa, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa ya tafi da yaran garin, daga garin Hamelin na Jamus ya taso. An gaya wa yara wannan, ba don a rage wa marubucin daraja ba, sai don su ga irin aikin da ya yi, su gwada shi.

An ɗauki tatsuniyar hankaka da dila da suka hardace da Faransanci, aka ce kada a fassara, a mayar da ita ta nan. Sharuɗɗa uku: wurin ya zama wanda yaro ya taɓa takawa, abincin ya zama wanda ya taɓa ci, gaisuwar ta zama yadda ake yi a gidansu. Abin da ke bakin hankaka ya koma cuku a kusan kowane kaye, itacen ya zama gawo ko aduwa, dila kuma ya fara da "ranka shi daɗe" da kirari kafin ya kai ga roƙon waƙa. Tsawon da aka nema layi 10 zuwa 12. Matsalar da ta fi yawa ita ce rashin aya: labari duka jimla ɗaya, "sai" na bin "sai". Gyaransa da murya ake yi. Yaro ya karanta nasa a bayyane, duk inda ya ja numfashi abokin bencinsa ya ɗiga masa aya da fensir.

14 ga Maris

An ba kowane yaro aikin hutu: ya nemi tatsuniya ɗaya a wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa, ya saurara sau biyu, ya rubuta ta shafi ɗaya, ya sa sunan unguwa ko ƙauyen da aka ba shi ita, ba sunan mai bayarwa ba sai da izninta. Mabuɗi da marufin tatsuniyar a rubuta su yadda tsohuwar ta faɗa, ko da sun bambanta da na littafin makaranta.

Littafi na uku har yanzu malamai biyu ne kawai suka gama shi, kuma kwafi 5 ba za su ɗauki aji ba. An ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Sakkwato saƙon kwafi 10, da sharaɗin ya duba cewa shafuka sun cika kafin ya biya, don a cikin waɗanda aka tara da farko an sami guda da aka ɗinke shi da shafi 16 a juye. Gwajin karatu na minti ɗaya, wanda aka yi wa yara 12 a Nuwamba da sakin layin da ba su taɓa gani ba, za a maimaita shi da yaran nan dai da sabon sakin layi mai tsawo ɗaya a makon farko bayan hutu, da safe kafin zafi ya taso.